Ƙunsawa Ake Yi

Duk lokacin da jami'a ta yi hutu sai iyaye sun turo mini 'ya'yansu su koyi zaman kemis, wai kada su zauna a gida haka nan. Sukan shigo da waya a hannu, su dubi kanta, su dubi fanka, su yanke hukunci a ransu cewa wannan ba aiki ba ne: a faɗi sunan magani, ka miƙa kwali, ka karɓi kuɗi. Wani daga cikinsu ya taɓa ce mini, "Baba, ai duk abin da ke shagon nan yana cikin wayata." Na ce masa ya yi gaskiya, sunan magani yana ciki. Bakin da zai sha maganin ne ba ya ciki.

Ni ba da kemis na fara ba. Da tebur na fara, a bakin gada, inda manyan motoci ke tsayawa direbobi su ci kifi. Goro, alewa, ashana, batir, da taba sigari kara-kara. Har yau tsofaffin garin nan Garba Kara-Kara suke kirana, ko da yake na je Makka na dawo. Ba na jin haushi, don tebur ɗin nan shi ne makarantata ta farko. A nan na san cewa mashayin taba ba kullum yake sonta ba, lokuta gare shi: bayan shayin safe, bayan tuwo, in ciniki ya faɗa, in ciniki ya watse. A nan kuma na lura cewa ba baki kaɗai ke shan taba ba, hannu ma yana sha. Mutum zai kai hannu aljihu, ya zaro ashana, ya girgiza ta, ya ture akwatin da babban yatsa, tun bai kunna komai ba ka ga kafaɗarsa ta sauka.

Wanda ya ɗauke ni daga tebur shi ne Malam Inuwa, tsohon ma'aikacin asibiti da ya buɗe kemis bayan ya yi ritaya. Na daɗe a hannunsa ban taɓa ƙwaya ba. Shara, goge kanta, jera kwalaye, wanda wa'adinsa ya kusa ƙarewa a gaba, sabo a baya. Da ya yarda da ni sai ya ba ni almakashi. Yanka katin magani yana da ƙa'ida: ka bi tsakiya yadda ba za ka huda gidan ƙwaya iska ta shiga ba, kuma ka bar wa mai saye gefen da sunan maganin ya fito. Daga nan ya koya mini na'urar awon jini, da abin da ake sawa a firji, da abin da ba na kemis ba ne ko da an yi maka kuka, sai dai ka ce a tafi asibiti. Amma kayan aikin da ya fi ji da shi benci ne. Yakan ce wanda ya saya a tsaye sunan magani kawai zai faɗa maka, wanda ya zauna shi zai faɗa maka ciwonsa. Da na buɗe nawa shagon, benci na fara ba kafinta kafin kanta.

A kan bencin nan Hudu ya zauna wata ranar Asabar, ya cire takalmi ya ɗora ƙafarsa ta hagu a gwiwa. Hudu dillalin shanu ne a Kara, Bazazzagi, tun ina tebur yake cinikina, kuma tun lokacin ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba. Ran nan bai tsokane ni ba. Ƙaramin yatsansa ya yi baƙi, ƙafar ta yi sanyi kamar ta kwana a randa.

Na ce, "Wannan ba nawa ba ne. Ka ga likita?"

Ya ce, "Daga can nake. Wai jini ba ya sauka. Wai in ban bar taba ba, za su fara da yatsa su bi ta sama."

Dillali da ƙafa yake ci. Ranar Juma'a tun hantsi yana tsakanin shanu, daga mai sayarwa zuwa mai saye, ya ja wannan gefe ya yi masa raɗa, ya koma ya ja wancan. Dillali mai sanda biyu kafin ya isa wajen sa an sallama wa wani. Ga gida cike da baki.

Na ce, "To ka bari mana, bawana."

Ya ce, "Na bari ya fi a ƙirga, Bakano. Barin ba wuya. Jibi ce wuyar."

Likitan ya gaya masa akwai wani magani mai kamar cingam, yana ɗauke da ɗan sinadarin da ke cikin taba, yana kwantar da ƙishirwarta ba tare da hayaƙi ba, a yi ta ragewa har jiki ya haƙura. Yana da tsada, kuma ba na kwana biyu ba ne, sai an yi watanni.

A shekarun nan ƙungiyar 'yan Kara ta riga ta kafa asusun lafiya, kowa inshora yake ce masa. Kowane ɗan ƙungiya yana zuba wani abu duk wata, a ba shi kati. In ciwo ya zo ya je wani asibiti da aka yi yarjejeniya da shi, abin da ba su da shi na kan kanta a turo shi wurina, asusu ya biya. Kwamiti ne ke yanke abin da inshora za ta ɗauka da wanda ba za ta ɗauka ba. Tana ɗaukar maganin tari, da na hawan jini, da abin shaƙa na masu sarƙewar numfashi. Abin da zai raba mutum da taba babu shi a ciki, ba wanda ya taɓa kawo zancen ma.

Ni na kai zancen gaban kwamiti, a zauren ofishin ƙungiya. Ma'aji shi ne Alhaji Mamman, dattijo mai riƙon amana, wanda in ya ce a'a sai ka zo da guzuri. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Garba, a cikin asusun nan akwai gumin masu kora da masu ɗaure igiya, akwai na matan da mazansu suka rasu. Cuta daga Allah take, in ta zo mu taru mu taimaka. Taba kuwa mutum da ƙafarsa yake zuwa ya saya, kai ka fi kowa sani. Wannan ba cuta ba ce, hali ne. Hali kuwa zanen dutse."

Aka yi dariya, ni ma na yi, don ya same ni. Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, ai kun daɗe kuna biyan kuɗin taba ba ku sani ba. Ba zan kama sunan kowa ba, amma masu zuwa karɓar maganin tari wata bayan wata na san su tun ina tebur. Ɗaki yana yoyo, kun yarda ku yi ta sayen bokiti, kun ƙi a hau a ɗinke rufin."

Ya ce, "Kai kuma mai sayar da bokiti, me za ka ci in an ɗinke?"

Na ce, "Mai rai yana sayen abubuwa da yawa, Alhaji. Mamaci ba ya sayen komai a wurina."

Suka yarda a gwada da mutum kaɗan, Hudu a cikinsu, zuwa taron bayan babbar Sallah. In an ga amfani a bar shi cikin inshora, in ba a gani ba a cire. Na tafi Kano na saro da yawa, don na tabbata in labari ya bazu har direbobi da ma'aikatan jami'a za su nema. Likita ya yi wa mutanen bayani, ni ma na maimaita: cingam ne, a tauna a hankali, kada a haɗa da taba.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Mako bai zagayo ba suka fara dawowa. Wannan shaƙuwa, wancan ƙwannafi, wani ya yi amai a gaban baƙi 'yan kudu ana tsakiyar ciniki. Kuma dukansu sun koma taba. Ran Juma'a magana ta shiga Kara, abin da ya shiga Kara kuwa kafin magariba ya kai Utai da Ɗankaza: cingam ɗin Garba jabu ne. Ku da kuke ganin kemis sauƙi, ku riƙe wannan. Mai sayar da atamfa in an ce guda ta yi zuba, sauran suna nan. Mai magani in an ce ɗaya jabu ne, duk kantar ta zama jabu. Mata suka daina aiko yara sayen maganin zazzaɓi. Waɗanda ke zuwa awon jini suka koma wani shago. Benci ya yi ƙura. Na ɗauki kwali na kai wa wani masanin haɗa magunguna a Kano, ya duba ya ce ingantacce ne. To amma wa zai ɗauki wannan ya shiga da shi tsakanin shanu ya yi shela? Katan-katan suna ajiye, wa'adinsu yana matsowa.

Hudu kaɗai ke zuwa, shi ma don ba shi da zaɓi. An riga an cire ƙaramin yatsan, na kusa da shi ya fara sauya launi. Wata rana bayan la'asar yana kan benci ƙafa a naɗe, na zaro ɗaya na miƙa masa.

Na ce, "Yi a gabana, yadda kake yi."

Ya ce, "A nan? Bakin titi?"

"A nan."

Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya jefa a baki kamar ɓarawo, ya hau tauna da sauri kai ka ce akuya ta sami dusa, yana ta haɗiyar yawu. Ana cikin haka sai ga mijin 'yarsa, wani malamin makaranta, ya taho a kan babur. Ya tsaya ya cire takalmi ya durƙusa. Ina kallon maƙogwaron Hudu, na ga abu ya wuce. Yaron yana gaisuwa, ina wuni, ya jiki, ya mutan gida, Hudu yana amsawa da shaƙuwa, kowane "lafiya lau" sai ya rabe biyu.

Da ya tafi na ce, "Ina cingam ɗin?"

"Na haɗiye."

"Don me?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "So kake surukina ya same ni ina ƙas-ƙas da cingam kamar 'yar talla?"

Na ce, "Shekara nawa yana jin warin taba a rigarka?"

Ya ce, "Wannan daban. Taba ta maza ce."

Nan na gane ba magani ne ya lalace ba, suna ne. Mun ce wa magidanta masu furfura cingam, mun ce su tauna. Magidanci a garin nan abu ɗaya ya iya taunawa a bainar jama'a, goro, shi kuwa goro niƙe shi ake yi a haɗiye ruwan. Cingam kuma abin kunya ne, sai a ɓuya a bayan mota a gama da shi da gaggawa, in an ji tafiya a haɗiye. Maganin nan kuwa ta fatar cikin baki yake shiga jiki, a hankali. In ya faɗa ciki sai shaƙuwa da tashin zuciya, ƙishirwar taba tana nan inda take. Takardar cikin kwalin ta faɗi haka da Turanci. Da muka zo mayar da ita Hausa ne muka ɗauko kalmar da ta fi kusa da hannu.

Na zauna kusa da shi na ce, "Tsofaffin Fulanin da ke kawo maka shanu, yaya suke yi da garin taba?"

Ya ce, "Ƙunsawa suke yi a leɓe."

"Kana ganin bakinsu yana motsi?"

"Ina fa. Sai mu yi rabin yini muna ciniki ban sani ba."

Na ce, "To daga yau wannan ba cingam ba ne, kuma ba taunawa ake yi ba. Ƙunsawa ake yi. Ka ɗan ciccije shi har ka ji yaji a harshe, ka tura shi kumatu ka manta da shi. In yajin ya lafa ka sake cizawa ka mayar. Kada ka kora da shayi ko lemon kwalba, ka ba su tazara. Kuma kada ka jira sai ƙishirwa ta shaƙe ka. Na san lokutanka: kana ture kwanon tuwo ka sa, kana ganin ciniki ya kusa faɗawa ka sa."

Sannan na aika aka sayo ashana a tebur ɗin da ke gefena, na zazzage tsinkayen, na ɗauko almakashi na yanyanka katin gida-gida yadda Malam Inuwa ya koya mini, na jera a cikin akwatin. Na ce ya sa a aljihun da ya saba. Ya kai hannu, ya zaro, ya girgiza, ya ture da babban yatsa. Na ga kafaɗarsa ta sauka.

Washegari na je na gaya wa likita abin da na gani. Ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce shi ma daga ranar ƙunsawa zai riƙa cewa, kuma a turo masa Hudu lokaci-lokaci ya duba ƙafar ya tsara masa ragewa.

Ba zan ce muku abin ya tafi sumul ba. Ran da wani ciniki babba ya watse masa ya sha kara biyu a bayan mota, ya zo da kansa ya faɗa mini yana zagin kansa da ni. Na ce ya zauna, na cika masa akwati. Akwai makon da matarsa ta aiko a tambaye ni ko maganin ne ke sa shi faɗa da kowa har da kaji. Na ce ta yi haƙuri, taba ce ke kwashe kayanta. Sauran mutanen na bi su ɗaya-ɗaya, wasu suka sake gwadawa, wasu suka ce in rabu da su. Amma kowa ya san a kan Hudu za a yi hukunci, don shi ne mashayin da duk Kara ta sani. In kana neman wuta a kasuwar nan, Hudu ake nuna maka.

Ran taron bayan Sallah zaure ya cika. Aka buɗe da addu'a, aka yi maganar haraji da ta rijiyar burtsatse, sannan aka zo kanmu. Likita ya aiko da saƙo cewa baƙin yatsan Hudu ya tsaya, ƙafa ta fara ɗumi. Alhaji Mamman ya ce ya ji, amma likita ƙafa yake gani, ba ya ganin bayan mota. Hudu ya ce ya daina. Alhaji ya ce kowa ma yana iya cewa. Daga nan ya sauya magana, ya shiga zancen farashin dusa kamar an wuce wurin. Can sai ya ɗauko wani ɗan itacen turare daga aljihu, ya juya ba tare da ya dubi kowa ba.

"Hudu, ara mini ashana."

Hudu bai yi tunani ba. Hannu ya tafi aljihu, ya zaro akwati ya miƙa. Na ga wasu sun sunkuyar da kai don kunyarsa. Alhaji ya ɗaga akwatin sama kowa ya gani, ya girgiza shi, ya dube ni.

"Garba, wanda ya bar noma me yake yi da fartanya a kafaɗa?"

Na ce, "A buɗe, Alhaji."

Ya ture akwatin. Ya daɗe yana kallon ciki. Ya zaro guda ɗaya ya juya shi a tafin hannu.

"Wannan ne cingam ɗin?"

Hudu ya ce, "Allah ya kiyaye, Alhaji. Ni na yi kama da mai cin cingam? Ƙunsawa ake yi."

"Yaushe rabonka da shi?"

"Yana bakina tun kafin a buɗe taro da addu'a."

Mutane suka matso suna leƙen kumatunsa, yana korarsu da hula. Alhaji Mamman bai yi dariya ba. Ya ce a bar shi cikin inshora, bisa sharaɗin sai likita ya gani ya amince, kuma sai mutum ya zauna a bencin Garba an nuna masa. Da aka tashi Hudu ya miƙa hannu a ba shi akwatinsa. Alhaji ya sa shi a aljihu.

Ya ce, "Garba zai ba ka wani. Akwai wani yaro a gidana."

Ba duka aka dace ba, kuma ba na yi wa kowa alkawari. Wasu sun daina, wasu suna dainawa suna komawa, akwai wanda muka yi wa sallar jana'iza da karansa a aljihu. Amma matan suka dawo da aiken maganin zazzaɓi, benci ya koma sheƙi don zama. Yanzu har ma'aikatan jami'a sukan zo, su ce inshorar wurin aikinsu ba ta ɗaukar irin wannan, suna mamakin yadda 'yan shanu suka riga su. Duk yaron da aka kawo mini koyon aiki, ba na fara masa da farashi. Nakan miƙa masa kwalin nan in ce ga dattijo ya shigo, sa'an kakanka, faɗa masa yadda zai yi. In ya buɗe baki ya ce cingam, sai in miƙa masa tsintsiya.

Hudu ya daɗe da barin ƙunsawar ma, kumatunsa fayau. Yana ɗan ɗingishi, amma duk Juma'a ta ƙofar shagona yake wucewa a ƙafa, yana bin bayan shanu. Makon jiya ya tsaya ya leƙo.

Ya ce, "Bakano ɗan son riba. Kai ka sayar mini da cutar, kai ka sayar mini da maganin. Ka ci ni sau biyu."

Na ce, "Shigo in auna jininka, bawana, in ci na uku."

Ya ce ba shi da lokaci, an kusa sallama wani bijimi. Ya juya ya bi shanun da sauri.